Fitilar Da Ban Kai Gyara Ba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki? Ya Hajiya da yara? Mu nan Gazawa lafiya lau.

Fitilar motar nan taka da ke hannuna, mai kunna kanta, wadda ka ce in kai gyara don takan ɗauke, ban kai ba. Muna dawowa daga kasuwar Gangara da Inna bayan magariba, fitilar ta mutu. Motar ta faɗa rami, goshin Inna ya fashe. Ta ji sauƙi, har ta ce, "Kada yayanka ya ji." Na kasa ɓoye maka.

Da bakanike ya duba, ashe waya ɗaya ce ta saki. Nan take ya ɗaure ta. Wannan ya fi ci mani rai.

Ka yafe mani, ka sa Inna a addu'a. Gaida mutanen gida.

Ƙanenka,
Lawali