Talo-talonki na Ƙarshe, Mama

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Saratu,

Ina gaishe ki a durƙushe, yadda kika koya mini gaida manya. A ƙa'ida bayan gaisuwa sai a tambayi lafiya, amma inda kike babu ciwon ƙafa, babu hawan jini, don haka bari in tsallake in shiga abin da ya hana ni zama.

Jiya aka yi Kirsimeti, na farko da babu ke, kuma na yi bandar talo-talonki. Tun safe nake zagaye gidan nan, in share inda na riga na share, in ɗauki waya in ajiye. Shi ne na ce bari in ba ki labari, ko zuciyata ta tsaya wuri ɗaya.

Kin tuna babban namijin nan mai faɗa, wanda ya taɓa bin Fasto da gudu har bakin ƙofa? Bayan jana'izarki da damina na rabar da sauran talo-talon ga matan zumunta na coci, don ba zan iya haɗa aikin asibiti da kiwo ba. Shi kaɗai na bari. In na dawo aiki sai ya taho yana buɗe wutsiya, in ya ga ni ce ba ke ba, ya juya abinsa.

Tun shigowar Disamba Yaya Bitrus yake kira na daga Jos. Wai in rufe gida in zo mu yi biki tare, kuma asibitin nan da suka daɗe suna nema na har yanzu suna so, in zan fara a watan Janairu. Ya ce, “Talatu, wa kike gadi a unguwar Nasarawa? Baba ya tafi, Mama ta tafi.” Na ce masa makwabta suna jiran rabonsu. Ba ƙarya na yi ba. Hajiya Rabi matar Malam Sani ta leƙo ta katanga ta tambaye ni ko bana ma za su ci naman hayaƙin nan, sai ta kama bakinta, ta ce in yafe mata, ta manta. Na ce za su ci.

Na faɗa ne kawai, Mama. Ban taɓa riƙe wutar banda ba. Aikina dakan yaji, ke ce mai wuta. Na je bayan ɗaki na janyo rabin duron nan naki, na tarar tsatsa ta cinye gindinsa, ragar da kike ɗorawa a kai ta karye a hannuna. Na tsaya ina kallonsu kamar zan yi musu faɗa.

Duk da haka na kira Malam Sani ya yanka, kamar yadda kike yi kowace shekara don duk layin su samu ci. Da ya gama ya wanke wuƙa, bai tafi nan da nan ba. Ya ce shekaru da yawa yana yi miki wannan yanka, bai taɓa fita gidan nan ba tare da kin tsare shi da kunu ba. Na shiga na dama masa, ya fito da gudaji, ya shanye tas.

Na fige, na gyara ciki, na jiƙa shi a ruwan gishiri da citta da kanumfari da tafarnuwa ya kwana. Da gari ya waye, jajibirin Kirsimeti, na shafe shi da yaji ciki da waje, na sa a babbar kula, na hau kabu-kabu zuwa tasha. Na ce in dai akwai mai fitar da ni, to ƙawarki Inna Hajo ce, mai bandar kifi a Argungu.

A mota na rungume kular a cinya. Mun wuce Ambursa ina kallon fadama, ina tuna labarin da kike ba mu na yadda kuka haɗu: ke baƙuwa daga Filato kin je sayen bandar tarwaɗa, kika yi mata ƙorafin an ba Baba kyautar talo-talo kuma ba ki da tukunyar da za ta ɗauke shi. Ta yi dariya ta ce ki kawo, ita da take kyafe giwan ruwa tsuntsu ba zai gagare ta ba. Daga nan kuka ƙulle, ke da cocinki, ita da sallarta.

Larai, surukarta, ta tare ni a zaure. Ta ce tsufa ya rikita Inna. An gaya mata rasuwarki, ta yi kuka har ta ƙi abinci, bayan kwana kaɗan ta manta ta sake tambaya. Aka sake gaya mata, ta sake kuka sabo. Yanzu sun daina. Ta roƙe ni kada in tayar da maganar.

Na same ta zaune a kan tabarma kusa da murhun bandarta na laka. Ta rame ƙwarai. Ta ɗago ta dube ni, ta dubi kular, fuskarta ta washe. Ta ce, “Saratu! Sai yau? Ina ta cewa matag ga ta yashe ni.”

Zaninki ne a jikina, shuɗin nan mai ganye. Ban sa shi da wata manufa ba. Na dubi Larai, ta sunkuyar da kai. Sai na ji bakina ya ce, “Na'am, Hajo. Ga ni.”

Mama, ki gafarce ni, na amsa sunanki yini guda.

Larai ta hura itacen kirya, muka jira har harshen wutar ya mutu ya bar garwashi. Aka barbaɗa ɓuntun shinkafa, hayaƙi ya taso fari. Muka ɗora talo-talon a kan raga, bayansa a ƙasa, muka rufe da faifan kwano da jiƙaƙƙen buhu. Daga nan sai jira, kuma kin san ni da jira. In zauna, in tashi, in ɗaga buhu in leƙa. Inna Hajo ta daka mini tsawa, “Ke bari buɗa shi! Hayaƙi ka dahwa shi, ba idonki ba. Yaushe kik koma mai gaggawa kamar ɗiyakki?”

Ban ji ba. Na sake ɗagawa, iska ta shiga, kitse ya ɗiga a garwashi, wuta ta tashi ta kama fiffike ɗaya. Na rikice ina neman ruwa, Larai ta ture ni ta watsa ɓuntu, wutar ta kwanta. Fiffiken ya zama gawayi. Na koma gefe, hayaƙi yana sa ni hawaye, ko kuma na ce hayaƙin ne.

Bayan azahar muka juya shi. Fatar ta fara yin ja, ƙamshin ya cika gidan, irin wanda yake kama kayanmu har sabuwar shekara. Inna ta idar da salla, ta jawo ni kusa, ta rage murya.

Ta ce, “Yarinyag ga ta tahi?”

Na ce wace yarinya?

Ta ce, “Talatu mana. Aikin Jos. Ke kic ce min tana so, tana ɓoye miki don kar ranki shi ɓaci. Kin zamna nan kina kuka, kin ce ke ka riƙe ta. Nic ce ki sake ta, kic ce bayan Kirsimeti. Wata shekara kuma bayan Kirsimeti. Saratu, ɗiya ba ta tsuhwa wurin jinya.”

Mama, ashe kin sani?

Ni da nake fita tsakar gida in amsa wayar Yaya don kada ki ji. Ni da nake ce miki ba na son sanyin Jos. Kina kallona kina gyaɗa kai, kina cewa ai Kebbi ta fi daɗin zama. Ashe kina zuwa Argungu ki yi kukan da ba ki yi a gabana. A wurin nan na ji haushinki, ba zan ɓoye ba. Me ya sa ba ki ce mini komai ba, ko da “na sani” kawai? Kafin haushin ya gama tasowa kuma sai na hango ki ke kaɗai a gidan nan da ƙafar da ba ta taka ƙasa, kina shirya kalmar a bakinki kowace shekara kina haɗiye ta. Da ni ce, ban san ko zan iya furtawa ba.

Inna tana jiran amsa, ta riƙe mini hannu gam. Na ce, “Bana zan gaya mata, Hajo.”

Ta ce, “Ba bana ba. Yau.”

Na ce, “To, yau.”

Ta saki hannuna, ta ce a ƙara ɓuntu.

La'asar sakaliya muka sauke. Larai ta soka wuƙa a cinya, ruwan ya fito garau babu ja. Na yanke wa Inna tsoka mai laushi, ta tauna a hankali, ta ce gishirina ya yi kaɗan bana. Da zan tafi ta ce in gaida yara.

Jiya bayan sujada a coci na dafa shinkafa, na yanka naman, na zuba a kwanukanki na kai gida-gida da kaina. Ƙirjin ya ɗan bushe, cinyoyin sun yi daidai. A gidan Malam Sani na zauna, na gaya wa Hajiya Rabi zan tafi Jos. Ta yi ta juya murfin kwano. Can ta ce, “Uwarki ta taɓa ce min in kin tashi tafiya kada mu hana ki.” Har ita ma, Mama! Kowa kin gaya wa sai ni. Ta ce in bar mata makulli, za ta riƙa buɗe tagogi. Na kira Yaya da yamma, ya yi ta murna har ya ba yaransa waya, ni kuwa na kasa taya shi.

Yanzu ga akwati a buɗe a kan gadonki. In sa kaya, in fitar. A nan aka haife ni. In na yi Hausa a Jos dariya suke yi, suna cewa Bakabiya ta zo. Kabarinki da na Baba suna nan, wa zai cire musu ciyawa in damina ta sauka? Kuma in na tafi, wa zai je Argungu ya amsa sunanki? Amma zan tafi. Da bakina na faɗi abin da kika kasa faɗi, kuma na karɓa kamar daga naki ya fito.

Ubangiji ya ba ki hutu, ya share miki hawayen da kika yi a ɓoye saboda ni. Ya sauƙaƙa wa Inna Hajo tsufanta, kada ya bari ta sake jin labarin rasuwarki. Ya tsare mutanen layinmu da suka riƙe mu kamar nasu. Ni kuma ya ba ni ƙarfin rufe ƙofar nan ba tare da na ji kamar na bar ki a ciki ba. Amin.

Ki huta, Mama. Ban riƙe ki da komai ba.

'Yarki,
Talatu
Nasarawa, Birnin Kebbi