Mabuɗi a Wuyan Sadiyatu

Ingila, 1977

Inna,

Bayan gaisuwa, ya jikin Baba, ya mutanen Gawon Nama? Ni lafiya lau nike, karatun jinya na tafiya, kada ki damu.

Sai dai a nan ba a tura yaro gidan maƙwabta. Matar da ke riƙe min Sadiyatu kafin makaranta da bayan an tashi, biyanta ake, kuma rabin alawus ɗina can ya ke ƙarewa. Na sallame ta. Yanzu mabuɗi nike rataya wa yarinyar a wuya, in an tashi makaranta ta buɗe ɗaki ta zauna ita kaɗai. Shekararta shida, Inna.

Kawu Hayatu zai dawo gida daga nan bayan Salla, zai iya tahowa da ita. In kin yarda ki riƙe min ita, a filin jirgi zan cire mata mabuɗin.

Allah shi bar mana ke.

Ɗiyarki,
Mariyatu