Cikin da Aka Ce Ya Kwanta

Fatakwal,
Ranar Laraba.

Zuwa ga Najiba, sanyin idona, farar audugar da ta fashe a gonar zuciyata, raken Danja mai zaƙi tun daga gindi har kai, ruwan farko da ke sauka kan busasshiyar ƙasa ƙamshinsa ya bi mutum har ƙuryar ɗaki!

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce ta wanda ya shekara cif bai ga fuskarki ba. Yaya ƙarfin jiki? Yaya tsohuwar gidanmu, Gwaggo? Tun da aka datse layin waya a ƙasarmu saboda ɓarayin daji, na koma zamanin kakanni, biro da takarda, da lallaɓar Rabe direba in ya sauke masara ya juya Funtuwa. Ban ce ba su da dalili ba. Abin da ya ba ni mamaki kawai, ashe idan hukuma ta so yin abu, a yini ɗaya take yinsa!

Kin tuna ranar kasuwar Bakori, shekarar aurenmu, da ruwa ya tare mu a kan babur? Kin sayo sabuwar tasa, maimakon ki kifa a kanki sai kika kifa a nawa. Ruwa na dukanta kamar ana kiɗan kalangu a cikin kunnena, ke kuma kina bayana kina ta magana kina dariya, don kin san ba na ji. Har yau ban san me kika faɗa ba. Zagi ne? Kalaman so ne? Shekara tara ina tambaya kina hana ni. To wallahi ina bin bakinki wannan magana, kuma ban yafe ba, sai na ji ta muna tsofaffi.

Wasiƙar ƙanwarki Bilki ta iso ni, na karanta ta har takardar ta yi laushi. Bari in fara da laifina kafin in taɓa na manya, don kada a ce Maiwada ya iya ganin na wasu.

Da aka aiko mini cewa cikinki ya tasa, wata uku bayan tahowata, ni ne na fara haukacewa. Na sayi goro na raba wa duk masu gadin layinmu, har da wanda ba ya ci. Na aika wa ƙanena Hussaini ya fara tara itacen wankan jego, ya tara, na ce ya ƙara, ya ƙara, har tulin ya fi katangarmu tsawo, duk mai wucewa ya gani ya yi murmushi. Shekara tara muna jira, Najiba! Wa zai tsaya tambaya? Gwaggo ta ce cikin fari ba a yi masa baki, ba a kai shi gaban baƙon ido. Ke kuma kunya ta ɗaure miki harshe, kamar yadda aka koya miki. Kika ci loma biyu kika ƙoshi, aka ce ɗan ne ya tokare. Fitsari ya dame ki, aka ce ɗan ne ya danne mara. Wuyanki ya rame, aka yi guɗa, wai namiji ne, yana shanye uwarsa. Wata tara ya cika, na goma ya wuce, sai tsofaffi suka yanke cewa cikin ya kwanta, aka shiga jiƙa saiwa da neman rubutu don a tashe shi. Wayyo mu! Muna ta tashin abin da bai taɓa runtsawa ba, yana can yana cin ki a hankali kamar gara a cikin azara.

Ban ga laifin Gwaggo ba. Abin da ta gada ta yi, kuma da ƙauna ta yi shi. Ni da na yi makaranta, nake zaune a birni, me na aiko miki? Itace.

Yanzu ga sunan abin, likitan da ya ɗauki hoton cikinki ya faɗa: cutar daji ce, a gidan ƙwai, can inda ƙwan haihuwar mace ke fitowa. Na rubuta shi don ki ga ban ji tsoron sunan ba, ke ma kada ki ji.

Bilki ta ba ni labarin gangamin da Alhaji Ɗanasabe, mai neman kujerar majalisa, ya shirya a Malumfashi don wayar da kan mata. Allah Ya saka! An ce an raba bokiti ɗauke da hotonsa yana murmushi, ta yadda duk matar da ta durƙusa wanki sai sun haɗa ido. An ce maroƙa sun yi awa biyu suna wasa shi, shugabar mata ta yi awa ɗaya tana gode masa, shi kuma ya yi rantsuwa zai kori cutar daji daga Malumfashi har Danja, kamar dai akuya ce ta shiga gonar wake. Sai can da aka fara naɗe tabarmi, aka miƙa wa wata nas mai suna Adawiyya lasifika, mai janareta na tsaye da hannu a kan makunni. A cikin ɗan wannan lokaci ta ce duk macen da cikinta ke kumbura, take ƙoshi da wuri, fitsari ke matsa mata, ta je a duba ta, kada ta zauna. Bilki ta ji, ta tuno ki, ta ja ki asibiti ba da sanin kowa ba.

To ga gaskiya, ko da ɗaci: ba don bokitin Alhaji ba, da Bilki ba ta je ba. Na ba shi wannan. Amma ki duba, hasken raina, maganar da ta ceci mace ɗaya ba ta kai tsawon tafasar shayi ba. Da a kowace rediyo ake faɗarta, da a kowane ɗakin awo, da a kowace islamiyyar matan aure, mata nawa za a tsamo? Me zai ci wa gwamnati? Ai bai kai abin da ake kashewa wajen buga hoton mutum ɗaya a jikin bokiti ba. Sai dai gidan ƙwai a ɓoye yake. Da a bakin titi yake kamar rijiyar burtsatse, inda za a shafa masa fenti a rubuta sunan wanda ya gina, da tuni an ƙaddamar da shi sau uku.

Ni ma nan na ga nawa. A otal ɗin da nake gadi an yi taron bita na kwana uku a kan wannan cuta taki, wai watan wayar da kai a kanta ne. Ni na buɗe musu ƙofa. Motoci masu sanyi, kowa da ɗan ƙyalle maƙale a ƙirji, kowa ya fito da sabuwar jaka. Na ji ta taga ana tafi: an kafa kwamiti, kwamitin ya haifi ƙaramin kwamiti, lafiya lau, ba tare da cikin ya kwanta ba. Za a nemi a ware kuɗin bincike a kasafin baɗi. Baɗi! Kalmar da ta fi kowace daɗi a bakin babban mutum. Taki baɗi, hanya baɗi, rai ma a jira baɗi.

Amma a rana ta uku na yi ƙarfin hali na tare wata likita, dattijuwa, ita kaɗai ce ta zo a Keke Napep. Na gaya mata komai da gurgun Turancina. Ba ta yi mini kallon maigadi ba. Ta tsaya a rana ta saurare ni. Ta ce har yanzu ba a samo gwaji mai sauƙi da zai kama wannan cuta tun tana ƙarama ba, shi ya sa suke ta roƙon a ba da kuɗin bincike, shekara da shekaru suna roƙo, ɗalibanta da ta koyar kuma suna ta ficewa ƙasashen waje. Sannan ta riƙe hannun rigata ta ce in an ce a yi tiyata, kada a ƙara ko mako. Akwai na Allah a cikinsu, Najiba. Sai dai su ne masu zuwa a Keke.

Shi ya sa zuciyata ta tsinke da na kai ƙarshen wasiƙar Bilki. Wai likitocin Zariya sun ba ki ranar Litinin don tiyata, ke kuma kin ce a dakata, don yaran Alhaji sun zo gida sun rubuta sunanki a jerin waɗanda asusun tallafinsa zai yi wa magani kyauta. Yaushe? In ya ci zaɓen fid da gwani, in ya ci na gama-gari, in an rantsar da shi, in an sa hannu a kasafi. Haba, tauraruwata! Cutar ta yi miki alkawarin za ta jira a ƙirga ƙuri'a? Tana da katin jam'iyya ne?

Kuma na san ki. Ke da kike gane ruɓaɓɓen tumatir tun daga bakin kwando, ba ki yarda da asusun nan ba ko na minti ɗaya. Laɓewa kika yi a bayansa. An gaya miki tiyatar za ta tafi da gidan ƙwai da mahaifa gaba ɗaya, kika leƙa tsakar gida kika ga tulin itacen da mijinki ya tara, kika ce da wane ido. Kina tsoron in dawo in tarar da mace ba ciki, ba goyo, ba ran samu.

Saurara, ya rabin raina. Na rubuta wa Hussaini ya kwashe itacen nan ya kai gidan maƙwabciyarmu Lami, ita ce ke da wanka a gabanta. Masarar bana da bijimin huɗa ya kai kasuwa a biya kuɗin tiyata, ƙasa ba ta gudu, za mu sake nomawa. Gwaggo kuwa ki bar ni da ita, da bakina zan gaya mata, duk wanda ke da tambaya a unguwa ya zo ya same ni. Ni na yi shelar, ni zan janye ta.

Ina son ɗa, ba zan yi miki ƙarya ba. Na yi kuka a bayan ɗakin gadi har abokin aikina ya zaci mutuwa aka yi mini. Amma da na gama na tambayi kaina: wa nake gani in na rufe ido? Ba jariri ba ne, ban san fuskarsa ba. Ke ce, kina tankaɗe a bakin murhu, gari ya ɓata miki gira, kina yi mini tsiya a kan na cika gishiri a magana. Me zan yi da gida in babu wannan? Me zan yi da damina, me zan yi da kaka? Ke ce inuwar da nake hange tun daga wannan gari mai warin mai da ruwan da ba ya ɗaukewa!

Bilki ta ce akwai takardar da ake so miji ya sa wa hannu kafin a shiga da ke, kin hana a gaya mini. To na ji. Wannan hannun ba a Abuja yake ba, ba ya jiran kwamiti, ga shi yana rubuta miki wasiƙa. Na nemi hutu an hana ni, na tuɓe musu rigarsu na ajiye. Motar Rabe za ta riga ni tashi da wannan wasiƙa, ni zan biyo ta bayanta ranar Asabar. Litinin da hantsi ina tashar Funtuwa, inda ake lodin Zariya, na kama mana kujera uku. Ki zo da Bilki. In kina jin kunya ki ja mayafi, in kina jin tsoro ki zo da shi, za mu raba.

Amma ki zo, Najiba. Don Allah ki zo.

Naki, da ɗa ko babu ɗa, da lafiya ko a gadon asibiti, har ranar da za a mayar da ni ƙasar da na noma,

Maiwada.