Gidanmu na Runka a kan tebur

Laraba, bayan isha'i, Safana

Yau na haɗu da Nasiru, mai shirya fim ɗin nan da ake cewa da hannu yake haɗa dabarunsa, ba da kwamfuta ba. Na ga yadda yake yin jini da zoɓo. Da ya ji ni magini ne, sai ya ce in gina masa ɗan ƙauye na laka a kan tebur, wanda zai ƙona a gaban kyamara.

Tun hantsi nake aikin. Sai da la'asar na lura gidanmu na Runka nake ginawa: zaure, rumbu biyu, ɗakin Inna yana kallon gabas.

Nasiru ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Baba, wannan gidan ka san shi."

Na ce, "Namu ne. 'Yan bindiga suka ƙone shi bara, muna ɓoye a daji."

Ya ce to a bar wannan, a gina wani. Na ce a'a, ya ƙona shi, amma sai ina wurin. Wancan karon ban gani ba, toka kawai na tarar.

Gobe bayan azahar za a yi. Ban gaya wa mai ɗakina ba tukuna.