Kitsen da Ba Na Gani a Jikina

Litinin, 3 ga Maris
Na karɓo sakamakon gwajin jini. Likita ta ce kitse ya yi yawa a jinina. Ni da ake kira Sanda a shagonmu na kafinta saboda rama? Na ce ko takardar wani aka ba ni. Ta nuna mini sunana da bakin biro.

Laraba, 5 ga Maris
Wai kitsen iri biyu ne, LDL mugu, HDL na kirki. Nawa mugun ya hau, na kirkin ma ya hau. To na ci ne ko na faɗi? Mai kemis ya lissafa a wayarsa, ya ce ba laifi. Fuskar likita ba haka ta ce ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Mai fentin shagonmu, wanda tumbinsa ke riga shi shiga ƙofa, nasa gwajin lafiya lau. Har da dariya.

Asabar, 8 ga Maris
Maman yara ta ɓoye man girki. Abincin rana kamar garin katako. Na kasa ci. Ita ma na ga ba ta ci ba.

Laraba, 12 ga Maris
An yi wani gwajin, sunansa kamar lambar mota, na kasa riƙewa. Shi ma ya hau. Likita ta ce wannan ba ruwansa da abinci, gado ne. "Malam, me ya yi ajalin mahaifinka?" Na ce faɗuwa ya yi da zarto a hannu, yana da hamsin da biyu, muka ce kwana ya ƙare. Ta rubuta wani abu.
Ni hamsin da ɗaya.
Ta ce gwajin ba ya cewa lallai zan kamu da ciwon zuciya, sai dai hanyoyin jinin zuciyata sun fi na wasu haɗarin toshewa. Na ce yaushe? Ta ce ba mai iya faɗa mini. Ta rubuta ƙwayoyi, ta ce duk wanda muke ciki ɗaya ya zo a gwada shi.
Ɗaya gare ni. Ƙanena. Shekara uku ba ma magana, tun da ya buɗe nasa shagon a layin baya ya tafi da rabin masu ba ni aiki.

Juma'a, 14 ga Maris
Ƙirjina ya soke ni ina goge teburi. Ciwo ne ko tsoro, oho. Ban kira ƙanena ba.

Litinin, 17 ga Maris
Na bi ta layinsu, hanya ce kawai. Ya yi furfura, ba wanda ya gaya mini. Na ajiye takardar gwajina a kan katakon da yake aunawa. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Yaya, mene ne LDL?" Na ce ni ma ban gama ganewa ba.
Gobe ƙarfe takwas zan raka shi asibiti. Don bai san ƙofar da ake shiga ba ne.