Ranar da Ƙungiya Ta Shigo Ɗakin Wanki

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi. Mu nan kalau muke.

Maganar ƙungiyar unguwarmu ce ta sa na ɗauki biro. Tun bara muke fita Asabar ɗin farkon wata, mu je mu ga yadda mutane ke aiki a garin nan. Mun je gidan burodi, mun je matatar ruwa, mun je wurin 'yan kwana-kwana, inda mai kantin layinmu ya gwada hularsu ta ƙi fita daga kansa. To jiya shugabarmu, tsohuwar malamar makaranta, ta ce wata mai zuwa asibitin da nake aiki za mu. Kuma ba wurin marasa lafiya ba, can bayan gini: kicin, janareto da ɗakin wanki.

Gabana ya faɗi, Yaya. Shekara goma sha ɗaya ke nan unguwa na kirana Nas, don suna ganina da fararen kaya da safe. Ban taɓa cewa ni nas ce ba, amma ban taɓa musawa ba. Yanzu za su tarar da ni da safar roba har gwiwar hannu, ina cusa zanen gado a inji.

Na ce wa Baban yara hutu zan ɗauka ranar. Ya ce in na gudu, wa zai yi musu bayani, injin? Ki taya ni da addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida kowa da kowa. Na ga amsarki, na kuma bi shawararki, ban gudu ba.

Su ashirin da biyu suka zo. Ni na tare su a bakin ƙofa, da safata da takunkumina. Matar mai kanti ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ashe Nas ɗin tamu wanki take yi?" Na ce mata eh, wanki nake yi, ku shigo amma kada wanda ya taɓa jar jaka.

Da na fara magana sai tsoron ya tafi. Na nuna musu yadda muke ware kayan masu ciwo mai yaɗuwa a jar jaka, da zafin da ruwa zai kai kafin ƙwayar cuta ta mutu, da yadda nake lalube kowane zane don allura ko almakashin da aka manta. Na nuna musu koren ƙyallen ɗakin tiyata, wanda in bai fito daga hannunmu ba likita ba zai ɗauki wuƙa ba. Na ba maza biyu zane su ninke, suka yi ta kokawa da shi ana dariya, ni kuma na ninke uku kafin su haɗa bakin nasu.

Kin tuna tsohon telan da na ce miki ya yi kwana arba'in a kwance a asibitinmu bara? Shi ma yana cikin waɗanda suka zo. Ya ɗauki zane ɗaya ya daɗe yana shafawa. Ya ce da zai tafi gida ya gode wa likita, ya gode wa masu jinya, amma bai san wa zai gode wa ba a kan shimfiɗar da bai taɓa jin ta da datti ko danshi ba, ga shi da ciwo a baya. Sannan ya cire hularsa a gabana. Na juya ina goge gumi, don kada su gane ba gumi ba ne.

Da za su tafi, matar mai kanti ta tsaya baya, murya ƙasa-ƙasa, tana tambayata yadda ake fitar da tabon manja daga farar riga. Na gaya mata, ban ɓoye komai ba.

Saura abu ɗaya. Inna ma har yau nas take ce wa maƙwabta ta haifa. Ki zauna kusa da ita ki karanta mata wannan wasiƙa, kada ki tsallake ko layi ɗaya.

Taki har kullum,
Auta