Waƙar da Baba yake rera wa Mma

Daren Laraba, Ayigya Zango

Na dawo aiki a gajiye, motar haya ta torotoro ta gama jijjige ni, na tarar da Mma tana sauraron tsohuwar waƙar yaren Twi ɗin nan da Baba yake rera mata kafin ya rasu. Ita da ta zo daga Nijar, Twi ɗinta bai wuce na cinikin tumatir ba.

Ta ce, "Ke da kika yi jami'a, wai me mutumin nan yake faɗi ne?"

Ni da kiɗan kawai nake bi, sai yau na kasa kunne. Ashe mutum ne yake kukan yana zaune da mace, zuciyarsa tana wurin wata. Kuma Baba ya fi ni jin Twi, a unguwar Anloga, cikin masu jin yaren, ya ƙare rayuwarsa yana aikin kafinta.

Na ce, "Matarsa yake yabo, Mma."

Ta ce, "Haka ubanki ma ya ce. Ƙaro min sautin."

Na ƙara mata. Wataƙila shi ma kiɗan kawai yake so. Allah ya sa.

Har yanzu tana maimaita ta a ɗakinta. Bangon nan ba shi da kauri, duk kalma ina jin ta.